Karin ilimi ga malamin gidan gyaran hali a Zariya

Malama, kin tambayi inda malamin da ke koyar da ɗaurarru a Zariya zai ƙaro ilimi ba tare da ya ajiye aikinsa ba.

Mafi sauƙi ita ce Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ke ba da shaidar NCE da difilomar koyarwa ta hanyar karatu daga nesa. Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ma tana gudanar da kwasa-kwasan lokacin hutu. Sai kuma rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, wadda doka ta wajabta.

A ganina, kwas ɗin ilimin manya ya fi dacewa da ke. Dokar 2019 da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali ta sanya ilimantarwa cikin aikin hukumar da ke kula da gidajen, amma mafi yawan mazauna ciki jiran shari'a suke yi, don haka ɗalibin da kika fara koya wa haɗa baƙi yau yana iya samun beli gobe. Ga dattijo da bai taɓa riƙe alli ba zaune kusa da saurayin da ke shirin jarrabawar NECO. Dole ki ƙware wajen tsara darasin da zai kammalu a zama ɗaya.