Tambaya da Amsa: Malam-buɗe-littafi ya ƙi tsayawa in ɗauke shi hoto

Tambaya: Assalamu alaikum. A gidanmu da ke Tudun Wada, Zariya, muna da bishiyar lemun tsami da wani babban malam-buɗe-littafi, baƙi mai ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa, yake yawan zuwa. Duk hoton da na ɗauka da waya sai ya fito dishi-dishi. Ga kuma tsutsotsi na cin ganyen, har Baba na shirin fesa magani. Yaya zan yi? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ki roƙi Baba ya ɗan dakata, domin tsutsotsin nan 'ya'yan baƙon naki ne. Masana suna kiransa Papilio demodocus, kuma a kan ɗanyen tohon lemo macen take ajiye ƙwanta ɗaya-ɗaya. Babbar bishiya ba za ta ji komai ba don 'yan tsutsotsi sun ci ganye. Dashe ƙanana ne suke wahala, su kuwa da hannu ake tsince musu.

Ba laifin wayarki ba ne. Wannan irin ko yana shan ruwan fure ba ya daina kaɗa fukafukai. Shi ya sa nake ba ki shawara ki raini naki.

Ki samo bokitin roba, ki rufe bakinsa da gidan sauro, ki ajiye a inuwa inda tururuwa ba za su kai ba. Ki sa tsutsa biyu ko uku, ki riƙa ba su sabon ganyen lemo kullum kina kwashe kashinsu, sannan ki jingina ƙirare a ciki. Tana ƙarama kamanninta sak kashin tsuntsu, haka take kare kanta, daga baya ta rikiɗe ta zama kore shar. Idan kin taɓa ta za ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, mai wari. Kada ki tsorata, ba ta da dafi.

Bayan mako biyu zuwa uku za ta ɗaure kanta a jikin ƙiraren da zare ta sandare. Kada ki ɓamɓare ta, don Allah. A damina, cikin kamar mako biyu sai malam-buɗe-littafin ya fito daga cikinta, galibi da safe, ya rataye fiye da awa guda fukafukansa na bushewa. A wannan lokacin ba ya iya tashi, launinsa kuma bai taɓa gogewa ba. Ki ɗaga ƙiraren a hankali zuwa wuri mai haske, ki sa rana a bayanki, ki matso da wayar daidai tsayinsa maimakon jawo hoton daga nesa. Kada ki riƙe fukafukan, garin da ke jikinsu yana bin yatsa. Da ya fara buɗe su yana rufewa, ki kai shi gindin lemon ki bar shi ya tafi.