Zanen Z6 da Z8 iri ɗaya ne, amma zoben biyu sun bambanta

Ƙanena na jami'ar Tek a Kumasi, ka tambaya ko zanen ɗigo da layi na masu raba sifiri ya isa a gane zoben aljabara, wato tsarin lambobi da ake tarawa da ninkawa a cikinsa. Bai isa ba.

Ɗauki Z6, inda ake lissafi da ragowar rabawa da 6. Masu raba sifiri, wato lambobin da ba sifiri ba amma in an ninka su da wata lambar da ba sifiri ba sai a sami sifiri, su ne 2, 3 da 4, kowace ɗigo ce a zanen. 2×3 ya ba da 6, sifiri ke nan, sai ka ja layi. 3×4 ya ba da 12, shi ma layi. Amma 2×4 takwas ne, ragowa 2, babu layi. Zanen ya fito 2–3–4.

Yanzu gwada Z8: 2–4–6 za ka samu. Siffa ɗaya sak! Alhali a Z8, 2×2×2 sifiri ne, abin da ba ya faruwa a Z6 ko kusa.

Masanin lissafi Beck ya fara wannan irin zane a 1988. Anderson da Livingston suka taƙaita ɗigogin ga masu raba sifiri kaɗai, ban da sifiri, a 1999, suka nuna zanen kullum haɗe yake, kuma tazarar ɗigo biyu ba ta wuce layi uku. Ni dai da takardarsu zan ce ka fara, ta fi sauƙin bi.