Tambaya da Amsa: Wa Ke Duba Kwantiragin Aika Kaya Ƙasashen Waje a Gidan Wayar Amurka?

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfani a Amurka, kuma yawancin masu sayen kayana suna ƙasashen waje. Wakilin gidan waya ya ce za a yi mini farashi na musamman tunda ina aika da yawa, amma ko mun sa hannu sai wata hukuma ta duba kafin ya fara aiki. Ni da gidan waya mun daidaita, ina ruwan wani?

Amsa: Malam, ruwan nata daga doka ya fito. A shekarar 2006 majalisar dokokin Amurka ta yi wa harkar gidan waya garambawul, ta kafa hukumar sa ido da ake kira PRC a madadin tsohuwar hukumar ƙayyade farashi ta 1970. Kwamishinoni biyar ne, shugaban ƙasa ke naɗa su, majalisar dattawa ta tabbatar, wa'adin kowa shekara shida, kuma ba a yarda fiye da uku su fito daga jam'iyya ɗaya ba.

Dokar ta raba ayyukan gidan waya, wato USPS, gida biyu. Akwai waɗanda ya yi kane-kane a kansu, kamar wasiƙa ta yau da kullum, inda mai aikawa ba shi da wani wurin zuwa. Akwai kuma na gasa, inda yake kafaɗa da kafaɗa da kamfanonin jigilar kaya masu zaman kansu irin su UPS da FedEx da DHL. Kwalayenka da ke tafiya ta Priority Mail International, wato ɗaya daga cikin hanyoyin gidan waya na aika kaya ƙasashen waje, suna cikin rukuni na biyu. Abin da ake gudu shi ne abin da mai shago kan yi idan ya karya farashin kayan da maƙwabcinsa ma ke sayarwa, sannan ya ɗora asarar a kan kayan da ba a samu sai a wurinsa. Idan gidan waya ya ba ka rangwamen da bai rufe kuɗin ɗaukar kayanka ba, mai sayen kan sarki don aika wasiƙa ne zai cike giɓin bai sani ba.

Saboda haka sashe na 3633 na kundin dokokin gidan waya ya gindaya sharuɗɗa uku. Kada a tallafa wa ayyukan gasa da kuɗin ayyukan da ba su da abokin gasa. Kowane aikin gasa ya biya kuɗin da shi kansa ya jawo. Sannan ayyukan gasa, idan aka haɗa su, su ɗauki kaso mai dacewa na hidimar gida baki ɗaya, irin kuɗin da za a kashe ko an aika kayanka ko ba a aika ba. A 2007 an yanke wannan kaso a kan kashi 5.5 cikin 100, a 2019 kuma aka koma wani lissafi da ke canzawa duk shekara. Maganar ba ƙarama ba ce: UPS ya kai hukumar ƙara a kanta, kuma a 2020 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington ta mayar mata da batun ta sake dubawa.

Tambaya: To me ake kai mata, kuma kwana nawa zan jira?

Amsa: Kai ba ka kai komai, gidan waya ne ke shigar da takardu. Doka ta ce ya shigar aƙalla kwana 15 kafin ranar da farashin zai fara aiki. Cikin abin da yake miƙawa akwai kwantiragin kansa, da shawarar gwamnonin gidan waya, wato mambobin kwamitin da ke shugabantarsa, da ta ba da izinin yin irin wannan farashi, da takardar shaida cewa an cika sharuɗɗan sashe na 3633, da takardun lissafi, da roƙon a ɓoye sassan da suka shafi sirrin kasuwanci.

Daga nan hukumar ta buɗe fayil mai lamba, ta fitar da sanarwa a jaridar gwamnatin tarayya, ta naɗa wani jami'inta ya tsaya a madadin jama'a, ta ba da 'yan kwanaki, galibi wajen mako guda, ga duk mai son yin tsokaci. Idan wani abu bai fito fili ba, sai ta aika wa gidan waya tambayoyi a rubuce, kuma mafi yawan jinkiri daga nan yake zuwa.

Abin da ke sa wasu kwantiragin wucewa da sauri shi ne akwai samfuri. Shirin GEPS na kwantiragin aika kwalaye ƙasashen waje, wanda aka fara sa shi a jerin ayyukan gasa a 2008 don ƙanana da matsakaitan kamfanoni, yana da yarjejeniya ta asali da aka riga aka tantance. Duk sabon kwantiragin da ya zo, tambayar ita ce: a aikace daidai yake da na asalin? Sunan kamfani da ranaku da yawan alkawari za su bambanta, wannan ba komai. Amma idan aka sako sabon aiki, ko aka canza yadda kuɗin ɗaukar kayan yake fita, to ya zama sabon abu, sai an nemi a ƙara shi a jerin ƙarƙashin sashe na 3642, kuma a nan tambayoyi sun fi yawa. Shawararmu ita ce kada ka nace a kan wani sharaɗi na daban sai idan da gaske ribarka ta rataya a kansa. Manyan masu tara kayan mutane su aika a dunƙule suna da nasu tsarin, Global Plus, masu sayar da aikin ga wasu kuma suna da GREP.

Tambaya: Ni damuwata abokan gasa. Idan takardun na jama'a ne, ai kowa zai ga nawa nake biya. Daga wata mai sana'ar aika tufafi.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Kwafi biyu ake shigarwa. Wanda jama'a ke gani, idan kika buɗe shi, za ki tarar da baƙin layi a kan sunan kamfani da adireshi da sunan wanda ya sa hannu, jadawalin farashin kuma akwatuna ne a rufe, sai kanun layukan nauyi da rukunin ƙasashe kawai. Cikakken kwafin yana hannun hukumar a killace. Wanda yake son gani sai ya nema a rubuce ya amince da sharuɗɗan riƙe sirri, kuma ba a ba mutumin da ke da hannu a yanke shawarar gasa a kamfaninsa. Sai dai ki sani kariyar ba ta har abada ba ce, ƙa'idar hukumar ta sa mata shekara 10. Kuma sassan da ba a rufe ba suna da amfani gare ki: ki karanta kwantiragin wasu kafin ki zauna ciniki, za ki ga irin sharuɗɗan da aka saba sakawa.

Tambaya: Idan hukumar ta amince, ke nan farashin da aka ba ni mai kyau ne?

Amsa: A nan gizo ke saƙa, kuma a nan muke son masu karatu su fi mai da hankali. Hukumar tana duba ko gidan waya zai yi asara, ba ko kai za ka ci riba ba. Kwantiragin da ya yi maka tsada yana iya wucewa cikin sauƙi, domin ya rufe kuɗinsa har da rara. Kare aljihunka aikinka ne.

Fara da alkawarin yawan kaya. Irin waɗannan kwantiragin galibi na shekara ɗaya ne, kuma rangwamen yana ɗaure da mafi ƙarancin kuɗin aika da ka yi alkawarin kashewa. Mai kamfani kan ɗauki cinikin watan Nuwamba da Disamba ya ninka, ya yi alkawarin da sauran watanni ba za su ɗauka ba. Ka nemi sashen da ya faɗi abin da zai biyo baya idan ka gaza, ka karanta shi da kyau, sannan ka gina alkawarinka a kan rasit na wata 12 da suka wuce.

Na biyu, ka gwada jadawalin da ainihin kayanka. Farashi yana tafiya ne da nauyi da rukunin ƙasa. Rangwame mai tsoka a kan kwali mai nauyi zuwa Kanada ba zai amfane ka ba idan yawancin kayanka ƙanana ne masu zuwa Turai. Iyakokin aikin ma ba sa canzawa don kana da kwantiragi: First-Class Package International Service ba ya ɗaukar abin da ya wuce laba 4, wato kusan kilo 1.8, ko ya fi dala 400 daraja. Priority Mail International yana kaiwa laba 70, amma wasu ƙasashen iyakarsu ba ta kai haka ba.

Na uku, ka duba ko farashin a tsaye yake ko yana bin farashin da ake bugawa wa kowa. Idan rangwame ne daga farashin jama'a, duk ranar da wancan ya tashi, naka ma ya tashi. Akwai kuma kuɗin da gidan waya ke biyan takwarorinsa na ƙasar da kaya suka sauka don su kai su gida. Wani ɓangare na wannan ana tsara shi ne a Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya da ke Bern, mai mambobi 192. Bayan taronta na gaggawa a Janiba a watan Satumban 2019, an ba Amurka dama ta ƙayyade nata kuɗin da kanta kan ƙananan ƙunshin kaya masu shigowa ƙasarta daga 1 ga Yulin 2020, ƙasashen da abin ya shafa su ma suka samu damar ƙayyade nasu a kan kayan Amurka. Irin wannan sauyi yana shiga lissafin da ake kai wa hukumar, daga nan ya shigo farashinka.

Kwastan kuma ba sa cikin rangwame. Bayanin kaya dole ya tafi ta kwamfuta, a fayyace, da lambar rukunin kaya ta ƙasa da ƙasa mai alƙaluma shida. Rubuta "kaya" ko "kyauta" kawai yana sa a tsare ƙunshi ko a dawo da shi.

Tambaya: Bayan an amince, shi ke nan an gama da mu?

Amsa: A'a. Shekarar kuɗin gidan waya tana ƙarewa 30 ga Satumba. Cikin kwana 90 yake miƙa rahoton shekara, hukumar kuma ta yanke hukunci cikin wasu kwana 90, wajen ƙarshen Maris. A nan ake auna hasashen farko da abin da ya faru a zahiri. Idan aikin bai rufe kuɗinsa ba, hukumar takan umarci gidan waya ya yi bayani ya gyara, kuma gyaran kan zo maka a matsayin ƙarin farashi ko ƙin sabuntawa. Ka fara maganar sabuntawa da wakilinka tun da sauran wata biyu ko uku, domin sabon kwantiragin ma sai an shigar da shi an jira. Idan tsohon ya ƙare ba a nemi ƙarin wa'adi ba, kayan da ka aika a tsakani farashin kowa da kowa za ka biya a kansu.