Shuke-shuken uwar ɗakina suna mutuwa a hannuna

Wata baiwar Allah da ke aikin gida a ƙasar waje ta rubuto mana cikin tashin hankali. Uwar ɗakinta ta damƙa mata kula da tukwanen shuke-shuke 14 da ke falo da ɗakuna. Kullum da safe tana ba su ruwa, amma tun da sanyi ya shigo ganyen wasu ya koma rawaya, uku sun mutu. Izinin zamanta a ɗaure yake da wannan aikin. Wani dillali ya ce ta kawo fasfo da kuɗi ya sama mata wani gidan kafin a sallame ta, yayanta kuma ya matsa mata ta amince don kada kuɗin da take turowa ya yanke.

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Tun daga inda kika ce "kullum da safe" na ga bakin zaren. Ruwa ne ya yi wa shuke-shuken nan yawa. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, kuma idan ƙasar tukunya ta zauna jagab kwana da kwanaki, sai saiwar ta shaƙe ta fara ruɓewa. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yanƙwane kamar mai ƙishirwa, ke kuma tausayi ya sa ki ƙara zubawa. Ga shi a lokacin sanyi yini gajere ne, haske kaɗan, shuka ta rage girma, abin da take sha ya ragu sosai.

Akwai wata 'yar na'ura ta auna danshin ƙasa, ita nake so ki nema. Tsinken ƙarfe ne dogo, a kansa akwai fuska mai allura da lambobi daga 1 zuwa 10. Mafi sauƙinta ba ta ma buƙatar batir: ƙarafa biyu ne daban-daban a bakin tsinken, idan suka shiga ƙasa mai laima sai ɗan ƙaramin lantarki ya gudana ya motsa allurar. Daga 1 zuwa 3 ƙasa ta bushe, 4 zuwa 7 akwai danshi, 8 zuwa 10 ta jiƙe sharkaf.

Ki soka tsinken a hankali tsakanin gindin shukar da bakin tukunya, ya shiga kamar kashi biyu cikin uku na zurfinta, domin can ƙasa ruwa ke kwanciya ko da sama ta yi ƙura. Idan kika ji ya tokari wani abu, kada ki danna, saiwa ce ko dutse, ki zare ki sake wuri. Ki jira kamar minti ɗaya allurar ta tsaya. Babbar tukunya ki gwada wuri biyu ko uku. Kina gamawa ki goge tsinken da busasshen ƙyalle ki ajiye, kada ki bar shi cikin ƙasa, bakinsa zai lalace ya riƙa ba ki lambar banza.

Kuma ba lamba ɗaya ce ta kowa ba. Masu kaurin ganye ko kara da ke ajiye ruwa a jikinsu, irin su alobera da kaktus, ki bari allura ta sauka 1 ko 2. Yawancin masu ganye na ado, 3 ko 4 ya isa a ba su. Masu siririn ganye mai laushi ba sa son bushewa, kada ki bari su sauka ƙasa da 4. Ranar da za ki ba da ruwa, ki ba da shi sosai har ya ɗigo ta hujin ƙasan tukunya, bayan rabin awa ki zubar da wanda ya taru a faranti.

Na'urar nan tana kuskure, ki san da haka. Abin da take ji shi ne yadda lantarki ke ratsa ƙasa, don haka idan gishirin taki ya taru sai ta nuna danshi alhali ƙasa ta bushe. Idan kuma ƙasar ɓawon itace ce mai sako-sako, sai ta ce a bushe take ko yanzu kika shayar. Saboda haka ki haɗa da yatsanki, ki kuma riƙa ɗaga tukunyar ki ji nauyinta. Wadda kika ji tana wari, ki zare shukar, ki yanke saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi, ki sa mata sabuwar ƙasa.

Sai maganar dillali, kuma a nan ba zan sassauta murya ba. Kada fasfonki ya bar hannunki. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma irin waɗannan mutane tsoron mutum suke farauta. Na ga wadda ta bar gidan aikinta da dare a kan alƙawari irin wannan, gidan da aka ce za a kai ta babu shi, fasfo ya tafi, izininta ya faɗi tunda ta bar wanda ya ɗauke ta ba bisa ƙa'ida ba. Na ga wata da aka riƙa karɓar kuɗinta kashi-kashi, kowane wata a ce saura sa hannu ɗaya. Kin fi ni sanin abin da ke rubuce a takardarki. Idan ranar sauya wurin aiki ta zo, ta ofishin shige da fice ake bi, ko ta lauya mai rajista, da rasit a hannu. Ki lura ma, har yanzu ba wanda ya ce zai kore ki. Dillalin ne ya faɗa, shi da zai ci riba idan kin gaskata.

Yayanki kuwa, ina ganin girmansa, amma bai kyauta ba. Wanda yake zaune cikin danginsa bai kamata ya tura ƙanwarsa hannun baƙon da bai taɓa gani ba don gudun kada wata ɗaya ya wuce babu saƙo. Idan takardunki suka lalace, ke za ki kwana a ɓoye, kuɗin da yake tsoron ya yanke kuma a ranar zai yanke gaba ɗaya. Taimakon iyaye da 'yan uwa alheri ne, Allah ya ba ki lada, amma ba a gina shi a kan halakar mai bayarwa. Ki gaya masa cikin ladabi cewa kin yi shawara, ba za ki ba kowa fasfonki ba, kuma kada ki sake buɗe zancen.

Gobe ki sami uwar ɗakinki kafin ita ta same ki. Ki ce mata kin gano ruwa ne ya yi yawa, kina roƙon ta sayo na'urar auna danshi. Ki samo ɗan littafi, kowace tukunya da shafinta: rana, lambar da allura ta nuna, ko kin shayar ko ba ki shayar ba. Ki gwada sau biyu a mako, littafin kuma ki ajiye shi inda za ta iya gani. Daga yau har na'urar ta zo, kada ki zuba wa kowace tukunya ruwa sai kin tura yatsa ya shige gaɓa biyu kin ji a bushe.