Tambaya da Amsa: Wane ƙari ya kamata mu sa a inshorar gidanmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maigidana da yaranmu muna haya a hawa na biyu a Jidda. Da muka je yin inshorar kayan gida, sai ma'aikacin kamfanin ya jero mana ƙari iri-iri, kowanne da kuɗinsa: na ambaliya, na zinare, na ɓarnar da za ta shafi maƙwabta, na masauki idan gida ya lalace, da na fashewar talabijin. Kuma duk dogon hutun makaranta mukan yi wata biyu a Kano. Wanne za mu ɗauka? Daga wata mai karatu, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tunda haya kuke, ku sani cewa inshorar mai gidan, in ma yana da ita, ginin take karewa, babu ruwanta da kujerunku da firijinku. Ma'aunin zaɓen ƙari kuwa shi ne: wace asara ce idan ta faɗo ba za ku iya biya daga aljihu ba?

Da wannan ma'auni, na ɓarnar maƙwabta shi ne kan gaba. Tiyon injin wanki ya ɓalle cikin dare, ruwa ya bi ƙasan tayil ya sauka gidan ƙasa, ya jiƙa silin da wayoyin wuta da kafet ɗin mutane. Ko wayar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta yi zafi gobara ta tashi ta lashi ginin. Duk ku za a bi. Ku tambaya a fili ko ƙarin ya haɗa da abu biyu: haƙƙin maƙwabci, da haƙƙin mai gida a kanku a matsayin 'yan haya. Sau da yawa raba su ake yi, mutum ya biya ɗaya yana zaton ya biya duka.

Sai zinare, kuma a nan mata suka fi shan mamaki ranar neman diyya. Inshorar kayan gida takan sa iyaka ga abin da za ta biya kan kayan ado, wani lokaci har da iyaka kan kowace sarƙa ko warwaro. Abin da ya haura iyakar, sai an rubuta shi daki-daki. Ku auna kowane abu, ku rubuta giram nawa ne, karat 21 ne ko 18, ku ɗauki hoto, ku haɗa da faturar shago, wato rasit. Wanda aka gada ko aka ba ku kyauta, ku kai wa mai shagon zinare ya ƙiyasta a rubuce. Ku sabunta ƙiyasin duk shekara domin farashi na motsi. Ku duba kuma ko an shardanta ajiyewa cikin akwatin ƙarfe mai kulle. Sata ma da sharaɗinta: galibi sai an ga alamar ɓalle ƙofa ko taga, kuma sai da rahoton 'yan sanda. Abin da wani mai makulli a hannu ya ɗauka, yawanci ba a biya.

Tafiyarku Kano ita ce abin da ya fi damunmu a wasiƙarki. Mafi yawan takardun inshorar gida suna da sharaɗin cewa idan gida ya zauna babu kowa na wasu kwanaki a jere, galibi tsakanin 30 da 60, kariyar sata da ta fashewar bututun ruwa takan tsaya. Wata biyunku na iya tsallake wannan iyaka. Ku sanar da kamfanin tun kafin ku biya, ku nemi a tsawaita wa'adin a rubuta cikin takardar, ko da da ɗan ƙarin kuɗi. Alkawarin baki ba ya aiki a nan. Ranar tafiya ku rufe babban famfon ruwa da kan tulun gas.

Ambaliya ba abin rainawa ba ce a Jidda. Ta ranar 25 ga Nuwamba 2009 ta ci rayuka sama da 100, unguwar Ƙuwaiza na cikin waɗanda suka fi jin jiki, ruwan ya sake yin ɓarna a 2011 da 2022. Amma ku a sama kuke. Ku fara dubawa ko tana cikin ainihin inshorar kafin ku biya sau biyu. Ta fi zama dole ga mai hawan ƙasa ko mai ajiya a sito na ƙasa. Motarku kuma ba ta ciki, wannan aikin inshorar mota ne.

Na masauki ku ɗauka, amma ku karanta wata nawa ne da riyal nawa. Na fashewar talabijin muna ganin ku bar shi. Akwai kason da ku za ku fara biya a kowace asara, tahammul a takardar. Idan kason riyal 500 ne, gyara kuma 800, 300 kawai za ku karɓa.

Kada ku rage darajar kayanku don kuɗin ya sauka. Misali, kayan riyal 100,000 aka rubuta 50,000, gobara ta ci na 20,000: kamfani na iya biyan rabi, 10,000, sannan ya cire tahammul. Ku tambaya kuma ko farashin da aka faɗa muku ya haɗa da harajin VAT na kashi 15. Kamfani kuwa ya zama mai lasisin Hukumar Inshora, wadda ta karɓi kula da wannan fanni daga babban bankin Saudiyya a 2023. Idan an hana ku diyya, ku nemi dalilin a rubuce, ku kai ƙorafi can.