USPTO ta ƙi manhajar jera kaya: ina mafita?

Malam, ka ce manhajarka tana hasashen ciniki tana nuna inda za a jera kaya a kanti, amma USPTO, ofishin Amurka mai ba da patent (takardar haƙƙin ƙirƙira), ta hana ka shi, ta ce dabarar a fili take.

Sashe na 103 na dokar patent ta Amurka, wanda ya hana patent ga dabarar da take a fili, shi ne ya kama ka. A shari'ar KSR da Teleflex ta 2007, Kotun Ƙolin Amurka ta ce haɗa sanannun abubuwa, in sakamakon wanda kowa zai zata ne, ba ya isa. Mai kanti ya daɗe da sanin kayan da ke daidai ido sun fi tafiya.

Inda ake zamewa: a yi ta musanta tsofaffin takardun da mai binciken USPTO ya kafa hujja da su ɗaya bayan ɗaya, alhali haɗa su ya yi. Nuna dalilin da gwani ba zai haɗa su ba, da alƙaluma. Wa'adin amsa yawanci wata 3 ne, sai ka nemi lauya mai rajista da USPTO.