Amsa ga mai tambayar kartin da ke hana abokin wasa ƙarin rai

Salam ɗan uwa, ka ce abokinka nan Yamai kullum ransa (makin da in sun ƙare an cinye mutum) sai ƙaruwa yake a wasan karti na Magic, ka rasa yadda zaka yi. Ni dai shawarata ka nemi Tainted Remedy, baƙar karti ce mana 3 (mana shi ne abin da ake biya a jefa karti), duk ƙarin rai da zai samu sai ya koma asara gare shi. To ka haɗa ta da Swords to Plowshares, mai kore dabba ta ba mai dabbar rai daidai ƙarfinta, ka kore mishi babbar dabba kuma ya rasa rai daidai ƙarfinta, wallahi wanga haɗi yana da daɗi sosai. Beacon of Immortality ma, mai ninka ran ɗan wasa biyu, in ka jefa mishi tare da Tainted Remedy sai ya rasa ransa duka, nan take wasa ya ƙare. Amma don Allah kar ka sa Sulfuric Vortex tare, ita hana ƙarin take gaba ɗaya, zata ɓata maka dabara.